Darasin Kula Da Kayan Aiki: Cire Gasasshen Fenti Daga Inda Ba A Bukatarsa

'Yan'uwa manoma, a cikin darasin nan za mu yi magana a kan wani irin fenti wanda ya ke zuwa a jikin yawancin kayan ƙarfe da ƙungiyoyinmu su ke saye yanzu. Za ku gan shi a jikin sabon baro, da gindin injin niƙa, da ƙarafan injin ban ruwa, da ƙafafun da a ke ɗora faifan sola a kansu a bakin rijiyar burtsatse. Yana da santsi, yana da tauri, farce ba ya kama shi. Fenti ne mai kyau ƙwarai, muna kuwa so ya daɗe. Amma akwai wurare kaɗan a jikin ƙarfe inda zamansa ɓarna ne. Idan ba a cire shi a nan ba, walda ba za ta kama ba, noti zai kwance, wayar tsaro kuma za ta zama ta ado kawai. Kayan nan da kuɗin ƙungiya aka saye su, waɗansu ma da rance. Saboda haka ya kamata ko wane mai kula da kayan ƙungiya ya san wannan aiki.

Wane irin fenti ne wannan?

Ba da burushi a ke shafa shi ba, ba ya kuma zuwa a gwangwani. Gari ne busasshe mai laushi kamar hoda, daga dangin roba. A masana'anta a kan rataye ƙarfen, a fesa masa garin da wata bindiga mai ba garin ƙarfin lantarki, sai ya manne a jikin ƙarfen kamar yadda ƙura ta kan manne a jikin bokitin roba da aka goge a lokacin hunturu. Daga nan sai a tura ƙarfen cikin tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200 na kamar minti 10 zuwa 20. Garin ya narke, ya haɗu, ya zama fata guda. Shi ya sa mu ke kiransa gasasshen fenti. Waɗansu kuma suna ce masa fentin hoda.

Ga abin da za mu riƙe. Yawancin irin wannan fenti, in ya gasu sau ɗaya, ba ya sake narkewa. Ku tuna da ƙwai: ɗanye ruwa ne, amma dafaffe ba ya komawa ruwa ko an sake ɗora shi a wuta. Saboda haka kananzir, ko fetur, ko tina da mu ke wanke burushi da ita, ba su yi masa kome. Kada ma'aji ya fid da kuɗin tina domin wannan aiki, hasara ce. Kaurinsa kuwa kamar na takardar littafi ne, watau kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ga ido ba wani abu ba ne, amma ya ninka kaurin shafi ɗaya na fentin gwangwani, wutar lantarki kuma ba ta ratsa shi.

Inda ya kamata a cire

Wuri na fari shi ne inda za a yi walda. A ce hannun baro ya tsage, ko ana so a ƙara wa keken shanu ƙarfe domin ɗaukar ganga. Idan mai walda ya ɗora wuta a bisa fentin, fentin zai ƙone, hayaƙinsa ya shiga cikin narkakken ƙarfen, ya bar ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Daga waje waldar tana da kyau. Ranar da aka ɗora buhu goma a kan keken, aka shiga hanya mai gargada, a ranar za ta nuna halinta. Sai a kankare fentin inci 2 a ko wane gefe na wurin waldar, har da bayan ƙarfen idan hannu yana kai wa, gama zafi yana ratsawa ya ƙone na bayan ma. A kuma kankare wani ɗan wuri kusa inda mai walda zai maƙala wayarsa ta biyu. Mun sha ganin yaran masu walda suna ta buga sandar walda a jikin ƙarfe wuta ta ƙi tashi, suna zagin janareta, alhali fenti ne ya tare hanya a inda suka maƙala wayar.

Na biyu, cikin ramin noti da kan zaren kusa. Garin ya kan shiga zaren ya gasu a can. Wanda ya sa sufana ya murɗa da ƙarfin tsiya zai cinye zaren, ko ya karya kusar a cikin ramin, ita kuwa karyayyar kusa aikin yini guda ce kafin a fitar.

Na uku, inda boris ya ke zama, da fuskar da ƙafar keke ko gindin inji za su zauna a kai. Ramin boris an auna shi daidai wa daida. Fenti a gefen nan da gefen can ya rage faɗin ramin, sai a ga mutum ya ɗauki guduma yana dukan boris, ya kashe shi tun bai fara aiki ba. A ƙarƙashin notin injin da ya ke jijjiga kuwa, fentin ya kan murƙushe a hankali ya zube, sai notin da aka ɗaure tam ya sami sarari. Idan injin niƙa yana yawan kwance notinsa bayan mako biyu ko uku, ku duba ƙarƙashin washa.

Na huɗu, wanda ya shafi rai, shi ne inda za a ɗaura wayar da ta ke kai wuta ƙasa. Za mu dawo kansa.

Ban da waɗannan wurare, ku bar fentin yadda ya ke. Ba za mu iya mai da shi ba, gama ba mu da tanderun.

Ku fara sanin irin ƙarfen

Kafin a taɓa kome, a nemo maganaɗisu. Na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne. Idan bai kama ba, ƙarfen kuma ba shi da nauyi, alminiyam ne, irin na tukwanen da maƙeran fari su ke zubawa. Alminiyam yana da laushi, ba a sa masa wuta, ba a sa masa injin gurza, ba a kuma goge shi da burushin wayar da aka goge baƙin ƙarfe da shi, domin ɓarɓashin ƙarfen ya kan nutse a ciki ya jawo lalacewa.

Idan maganaɗisu ya kama, da sauran tambaya guda. A kankare ɗan wuri da wuƙa a inda ba a gani. In abin da ya fito toka-toka ne kamar sabon kwanon rufi ko bututun famfo, to, an tsoma ƙarfen cikin tutiya kafin a yi masa fenti. Ƙafafun sola da yawa haka su ke. Tutiyar nan ita ce ainihin mai tsare ƙarfen daga tsatsa. Idan domin noti ne ko domin waya, sai a cire fentin kaɗai a bar tutiyar. Idan domin walda ne, dole ita ma ta tafi, gama wutar walda tana mai da ita farin hayaƙi. Wanda ya shaƙe shi, bayan 'yan sa'o'i sai sanyi ya kama shi, da zazzaɓi, da ciwon gaɓoɓi, bakinsa yana ɗanɗanon ƙarfe. Mutane da yawa su kan ɗauka zazzaɓin sauro ne su sayi magani a banza. Ya kan sauka bayan kwana ɗaya ko biyu, amma idan numfashi yana yi wa mutum wuya a kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya aikin da ya yi. Masu walda suna cewa madara tana maganinsa. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki ta ke zuwa, hayaƙin kuwa huhu ya tafi.

Aikin hannu

A ganinmu, a cikin ayyuka goma da za su taso wa ƙungiya, tara hannu zai gama su, shi ne kuma ya fi arha da kwanciyar rai. Kayan aikin su ne wuƙa mai kaifi, da magagari, da samfefa, da salatif na takarda, da tsumma mai tsabta.

A wanke wurin da ruwa da sabulu, a bar shi ya bushe. Maiƙo yana toshe samfefa nan da nan. Sa'an nan a zāna iyakar wurin da alli, a kewaye shi da salatif ninki biyu. Yanzu ga ƙaramar dabara wadda mutane su kan tsallake: a bi bakin salatif ɗin da tsinin wuƙa, a tsaga fentin har wuƙar ta taɓa ƙarfe. Dalili kuwa, fentin nan fata guda ne. Idan aka fara kankara ba tare da an yanke masa iyaka ba, ya kan ɓalle ya wuce inda a ke so, ko ya ɗaga kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Ruwan damina zai shiga ta nan, tsatsa ta yi ta ci a ƙarƙashi, fentin yana sama lafiya lau, sai ran da aka danna da yatsa a ji ya burma.

Bayan an tsaga, sai a kwantar da wuƙar ko tsohon cizal a tura daga iyakar zuwa tsakiya. A kan ƙarfe mai kauri magagari ya fi sauri. Abin da ya rage a bi shi da samfefa. Ku duba lambar da aka buga a bayanta: ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. A fara da lamba 60 ko 80, a gama da 120. A naɗe ta a jikin guntun katako domin wuri mai faɗi. In bututu ne, a yage ta da tsawo, a rataya a bututun, a riƙa jan bakin nan da bakin can. Sai ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli za a tsaya. A ƙarshe a cire salatif, a ɗan goge bakin fentin da ya rage da samfefa mai laushi domin ya kwanta, kada ya tsaya kamar gaɓar rafi.

Domin ramin noti, makanikai suna da abin gyaran zare. Idan babu, ku ɗauki kusa mai kyau daidai da ramin, ku yi mata tsaga biyu ko uku a tsaye a kan zaren da zarton ƙarfe. A ɗiga mata baƙin mai, a murɗa ta ciki rabin juyi, a dawo da ita baya kaɗan, a sake shiga. Tsagogin za su kwashe fentin. A fitar da ita lokaci lokaci a share. A fara murɗawa da yatsu, kada da sufana, domin a tabbata ta hau zaren daidai.

Ramin boris kuwa hannu kaɗai, da wuƙa da samfefa mai laushi. Fenti mu ke so mu cire, ba ƙarfe ba. Idan ramin ya faɗaɗa, boris zai riƙa rawa a ciki, gyaransa kuma ya fi ƙarfin ƙauye.

Masu walda za su so su yi amfani da injin gurza na hannu. Ba mu hana ba a kan ƙarfe mai kauri, amma a sa masa faifai mai ganyen samfefa, ba dutsen yankan ƙarfe ba. Bututun baro da na kujeru kaurinsa bai wuce milimita 1 ko 2 ba, dutse kuwa zai cinye rabinsa kafin ka ƙifta ido. Kada a danna, kada a tsaya wuri ɗaya, gama zafi yana sa fentin ya yi danƙo ya liƙe wa faifan. Tabarau dole ne, da takunkumi a hanci.

Ƙurar aikin nan kada ta tashi a tsakar gida inda a ke shanya hatsi, yara kuma suna rarrafe. Gasasshen fenti na yanzu yawanci ba shi da dalma, amma tsofaffin kaya da aka sha shafa musu fentin gwangwani, musamman ja da rawaya, suna iya ƙunsarta. Ba mu manta da abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a shekarar 2010 ba, inda ɗaruruwan yara suka mutu. Can daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar da ta bi ta shiga jikin yaran ita ce dai wannan: ƙasa, hannu, baki. A shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin aikin, a tattara ƙurar, a wanke hannu kafin a ci abinci. Haka nan ba mu ba da shawarar fesa yashin rafi da injin iska ba, ko da ya ke yana cire fenti sarai. Ƙurar yashi tana kawo ciwon huhu wanda ba ya warkewa.

Wuta da magani

Wuta ba ta narkar da fentin, amma tana sa ya yi laushi ya kumbura, har wuƙa ta ɗauke shi da sauƙi. Wannan na ƙarfe mai kauri ne kaɗai, a fili, iska tana kaɗa hayaƙin gaba da mai aiki. Ba a yi wa alminiyam, gama yana rasa ƙarfinsa tun bai nuna alamar zafi ba. Ba a yi wa mai tutiya. Ba a yi kusa da taya, ko boris, ko tankin mai. Da rani kuma a yi nesa da rumbu da dangar kara. Siririn bututu kuwa ya kan lanƙwashe. Mu dai ba mu cika son wannan hanya ba.

Akwai kuma magungunan cire fenti a shagunan birni. Mai ƙarfin cikinsu yana ɗauke da wani sinadari, sunansa a jikin gwangwani methylene chloride ko dichloromethane. Yana aiki da sauri, cikin minti 15 ko 20 fentin zai yamutse. Amma tururinsa ya fi iska nauyi, ya kan taru a ƙasan ɗaki, jikin mutum kuma yana juya shi ya zama irin gubar nan ta hayaƙin gawayi da janareta. Ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna. Saboda haka Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da shi ga jama'a a 2009, Amurka ma ta hana a 2019. Abin da aka hana a can ya kan sami hanyar zuwa kasuwanninmu, saboda haka a karanta gwangwani. Wanda aka ɗura a kwalba ba suna, kada a saya ko da araha. Wani haɗarin kuma, idan ragowarsa ta gamu da wutar walda, tana zama iska mai guba ƙwarai. Akwai masu sauƙi, waɗanda aka rubuta benzyl alcohol a jikinsu. Su sai an ƙarce fentin da samfefa, a shafa da kauri, a rufe da leda, a jira sa'o'i, wani lokaci a maimaita. Ko da wane aka yi aiki, a waje za a yi, da tabarau da safar hannu mai kauri, a wanke wurin sosai ya bushe kafin wuta ta zo kusa. Sodar da matanmu su ke dafa sabulu da ita kada ta taɓa alminiyam ko tutiya, cinye su ta ke yi. Tsumman da aka yi aiki da shi kada a jefa kusa da rijiya ko inda awaki su ke kiwo.

Wayar ƙasa ta famfon sola

Faifan sola da aka jera domin famfon burtsatse suna ba da wuta mai ƙarfin da ya wuce bolt 100, a manyan famfuna ma ninkin haka, ba irin ta batirin mota ba ce. Idan ɓera ya ci rigar waya, ko rana ta busar da ita ta tsage, ta taɓa ƙafafun ƙarfen, ƙarfen duka ya ɗauki wuta. A bakin rijiya kuwa ƙasa a jiƙe ta ke, masu ɗiban ruwa mata ne da yara, yawancinsu ba takalmi. Shi ya sa a ke kafa sandar jan ƙarfe a cikin ƙasa, a haɗa ta da ƙafafun da waya mai kauri, domin wutar ta sami hanyar da ta fi jikin mutum sauƙi. Tana kuma rage ɓarnar da tsawa ta kan yi wa akwatin famfo idan ta faɗi a kusa, ko da ya ke ba wanda zai yi muku alkawari a kan wadda ta faɗo kai tsaye.

To, idan aka ɗaura wayar nan a bisa fenti, daidai ta ke da wadda ba a ɗaura ba. Sai a kankare wuri kamar faɗin kwabo kewaye da ramin kusar, a sa washa mai haƙora, a ɗaure tam. Ku lura kuma, ƙafafun guntu-guntu ne aka haɗa da noti, ko wane guntu da rigarsa ta fenti. Wayar tana iya tsare guntu ɗaya ta bar sauran. Gwajin ba wuya: batirin tocila biyu, da ƙwan tocila, da waya doguwa. A taɓa baki ɗaya a kan sandar ƙasa, ɗayan a kan kusar guntun da a ke shakka, ko a wurin da aka ɗan ƙarce. In ƙwan bai kama ba, hanya a toshe ta ke, sai a kankare mahaɗin ko a tsallaka da guntuwar waya. Idan ƙafafun na alminiyam ne, kada jan ƙarfe ya kwanta a jikinsa kai tsaye, gama in danshi ya shiga tsakaninsu alminiyam ɗin ya kan ci. Akwai maɗauri na musamman domin wannan.

Faifan kansu ba a kankare su, ba a huda su. Masu yinsu sun riga sun bar ramin waya da alamarsa. Kankara da gwajin tocila ku za ku iya, bayan an kashe makunni an rufe faifan da tabarma ko bargo, gama muddin rana tana dukansu suna ba da wuta. Amma haɗa wayoyin wuta aikin mai gyaran lantarki ne. Idan kayan suna cikin lokacin garanti, magatakarda ya fara tuntuɓar waɗanda suka kafa su. In kuma za a yi walda a jikin ƙafafun, a cire wayoyin faifan da na akwatin famfo tukuna, domin wutar walda tana iya ƙona shi.

Rufe wurin

Baƙin ƙarfen da aka tsiraita da damina, kafin gari ya waye ya yi ja. Saboda haka kada a kankare yau a ce fenti sai ran kasuwa. Bayan walda ta huce, a ƙwanƙwashe ɓawonta, a bi da burushin waya, a cire duk fentin da ya ƙone a gefe har a kai ga mai lafiya. A goge da tsumma da 'yar tina. A nan tina tana da amfani. A shafa jan fentin nan na hana tsatsa, a haura kan tsohon fentin da kamar inci 1 bayan an ƙarce shi da samfefa, in ba haka ba sabon ba zai kama santsinsa ba. In ya bushe a bi da fentin mai sau biyu. A kan ƙarfe mai tutiya fentin mai ya kan ɓare bayan 'yan watanni, sai a nemi fenti mai tutiya a ciki, launinsa toka-toka. Zaren noti da ramin boris giris za a shafa musu. Wurin wayar ƙasa kuwa a ɗaure tukuna, sa'an nan a rufe kansa da giris ko fenti, a kuma duba shi ko wace shekara kafin ruwan fari.

Idan ƙungiya za ta ba da aikin sababbin ƙafafu ko gindin inji a birni, a gama dukan walda da huji kafin a kai wurin fenti. A murɗa tsofaffin kusoshi a ramukan zare, a nuna wa mai fentin wurin boris da wurin wayar ƙasa domin ya rufe su da salatif ɗinsa mai jure zafi. A rubuta wannan a takardar ciniki, wanda zai karɓo kayan kuma ya tafi da kusa ɗaya da boris ɗaya a aljihu, ya gwada su a can kafin a biya cikon kuɗin.